Hoto da Harafi: Labaran Jarunta Masu Zane a Hannun Yaro Mai Nauyin Karatu

A makarantun firamare na karkara, daga garin Bagwai zuwa Gadanya ko Kiyawa, da wuya a rasa wani yaro wanda al'amarinsa ya ɗaure wa malamai kai. A gida shi ke ƙirga kwandunan tumatir da aka ɗebo daga gonakin rani na madatsar ruwa ta Watari, ba ya kuskure. Da dare in an zauna tatsuniya, shi ke tuna wa manya inda suka tsallake a labarin Gizo. Amma da an miƙa masa littafi a aji, sai ya maƙale a kan kalma ɗaya har wanda bai kai shi wayo ba ya gama shafi. Sunan da akan laƙaba masa sananne ne, watau daƙiƙi. Daga nan sai bulala, sai gudun makaranta, daga bisani uba ya ga gara a bar shi ya kama fartanya. Wannan maƙala za ta duba abin da littattafan jarunta masu zane za su iya yi wa irin wannan yaro, da kuma abin da ba za su iya ba. Abin nufi da su shi ne littattafan da ke ba da dogon labari cikin jerin hotuna, gida-gida, maganar taurari tana rubuce cikin 'yan kewaye da ke fitowa daga bakinsu.

Masana sun daɗe da sanin wannan matsala. A 1887 wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, ya wallafa bincike a kanta da sunan disleksiya. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da bayanin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, gwanin lissafi, amma ko sunansa yakan birkita haruffansa wajen rubutawa. Da fari an zaci laifin ido ne. Binciken baya, musamman na Bradley da Bryant a 1983, ya karkata ga cewa tushen abin yana wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Yaron yana jin magana sarai, yana kuma fahimtarta. Warware ta daga rubutu ne ke yi masa nauyi. Gough da Tunmer, a 1986, sun kwatanta karatu da sakamakon ninka abu biyu: iya warware rubutu da fahimtar magana. In ɗaya ya yi kusa da sifiri, sakamakon ma haka zai zama, ko da ɗayan ya kai maƙura.

Sai a tambaya, ina ruwan Bahaushe da wannan, alhali rubutun boko na Hausa, ba kamar na Ingilishi ba, kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa? Gaskiya ne akwai sauƙi. Binciken Paulesu da abokan aikinsa na 2001 ya nuna cewa masu disleksiya a Italiya, inda rubutu ke bin furuci, sun fi takwarorinsu na Ingila da Faransa karanta kalma daidai, duk da cewa asalin matsalar ɗaya ce. Amma bokon Hausa yana da nasa tarko. Na farko, haruffan b, d, ɓ da ɗ 'yan gida ɗaya ne a ido, kuma sautukansu ma makusanta ne a kunne. Ƙugiya ƙarama ce kawai ta raba daka da ɗaka, ko kafa da ƙafa. Na biyu, akwai tagwayen haruffa masu sauti guda, irin su ts, sh, ky da gw. Sunan Bagwai kansa harafi 6 ne, amma gaɓa biyu ce, kuma yaron da ya tsaya furta g daban, w daban, ba zai ji sunan garinsu ya fito ba.

Tarko na uku shi ne mafi girma, kuma shi aka fi mantawa da shi domin wanda ya ƙware ba ya jin sa. Boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Gari na zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Haka fari na launi, da farin rashin ruwan sama. Haka kuka ta miya, da kukan hawaye, da kuka ta "da kuka zo". In kuma maɗaba'a ko wayar hannu ta yar da ƙugiya, kamar yadda ake yawan gani, sai baki na magana da baƙin launi da baƙin da suka sauka a gida su taru a kalma guda. Mai karatu da sauri yana riƙe jimla duka a kai, ita ke zaɓa masa ma'ana. Mai nauyin karatu kuwa, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya sulluɓe masa. To, a nan ne hoto ke yin aikin da ya fi ado. In an zana ganuwa da ƙofa, ga mahayi ya tunkaro, kalmar gari ta riga ta sami tsawonta da karinta tun kafin yaro ya buɗe baki. Watau zane yana mayar wa rubutu wani abu daga abin da boko ya zubar.

Bayan wannan, littafi mai zane yana yanka magana ƙanana-ƙanana. Shafin Ganɗoki na Bello Kagara, ga yaron nan, kamar gonar da ba a share ba ce, bai san ta inda zai sa fartanya ba. Kewaye mai kalma 6 ko 7 kunya ɗaya ce, ana iya nome ta a huta. Kuma tsakanin gidan hoto da mai bi masa akwai abin da ba a zana ba: a nan jarumi ya zare takobi, a can abokin gaba yana ƙasa. Mai karatu ne ke cike gurbin, kuma wannan aikin fahimta ne, fagen da yaron ya fi ƙarfi. Wani ɗan amfani kuma, masu irin wannan zane sun saba rubuta magana da manyan baƙaƙe, kuma B da D ba su yi kama da juna kamar b da d ba.

Labaran jarunta su suka fi dacewa da wannan siga, kuma adabin Hausa ba ya da talaucinsu. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki. Daga baya aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969. Ruwan Bagaja musamman kamar don zane aka tsara shi: tafiya ce daga gari zuwa gari, kowane zango da nasa rikici tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, yana farawa ya ƙare cikin 'yan shafuka. Masu shekaru kuma za su tuna yadda mujallar African Film, mai labarin Lance Spearman cikin hotuna, ta riƙa yawo hannu-hannu a biranen Nijeriya tsakanin 1968 da 1972, har a hannun waɗanda Turancinsu bai taka kara ya karya ba.

Sai dai akwai hatsari, kuma wajibi ne malami ya san shi. Yaro mai wayo yana saurin gane cewa hoto zai iya fid da shi kunya. Ya ga dabba, ya ce doki, alhali ingarma aka rubuta. Ya ga makami, ya ce takobi, alhali kansakali ne a shafin. Malami ya ji magana ta yi ma'ana ya wuce, yaro kuwa bai karanta ko harafi ba. Wannan canka ce, kuma ranar da aka ba shi takardar jarrabawa marar hoto asirinsa zai tonu. Hoto na iya zaɓa tsakanin ma'anoni biyu na kalmar da aka riga aka warware, amma warwarewar kanta sai an koyar da ita, sauti bayan sauti, gaɓa bayan gaɓa. Abin lura, makarantar allo da yawancin yaran Bagwai ke fara shiga ta daɗe da wannan haƙuri: babbaƙu tukuna, sa'an nan farfaru, yaro yana ji, yana faɗa, yana bi da yatsa, daga baya ya rubuta da hannunsa. Hanyar da Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara a Amurka cikin shekarun 1930 don masu disleksiya ita ma a kan haɗa ido da kunne da hannu ta dogara. Saboda haka tsarin da ya fi dacewa shi ne yaro ya duba hoto ya faɗi abin da ke gudana, sa'an nan a rufe hoton da tafin hannu, ya warware maganar da ke cikin kewaye, a buɗe ya gwada abin da ya karanta da abin da ya gani.

Ga ɗaliban Hausa da ke da sha'awar haɗa kai da masu zane su mayar da wani zango na Ruwan Bagaja zuwa wannan siga, bayan neman izinin masu haƙƙin bugawa, akwai abu biyu na kiyayewa. Binciken Zorzi da abokan aikinsa na 2012, a kan yaran Italiya da Faransa, ya nuna cewa ƙara tazara tsakanin haruffa na rage wa masu disleksiya kuskure, don haka kada a cusa magana cikin kewaye don a bar wa hoto fili. Ƙugiyar Ɓ da Ɗ da Ƙ kuma a zana ta da girma, yadda ko a kwafin da tawada ta dushe, a ajin da taga ɗaya ke ba shi haske, za a gan ta.