Hannun Sauya Gudun Injina Yana Zamewa

Tambaya: Malam, ina da injin gurza katako mai hannun sauya gudu. Kwanan nan in na sa shi a ƙaramin gudu, ina cikin aiki sai hannun ya zame, injin ya ƙara wuta da kansa. Yaya zan yi? Daga wani kafinta a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakatar da aiki tukuna. Babban katako a kan injin da ke ƙara gudu da kansa yana iya fizgewa ya same ka a fuska.

Zare wayar daga soket, ka buɗe murfin. Za ka ga bel yana tafiya tsakanin fayafayan ƙarfe masu matsewa da buɗewa, sifirin yana tura ɗaya. Wannan sifirin ɗin ne ke jan hannun in abin da ke riƙe shi ya saki. Duba ɗan ƙarfen da ke faɗawa cikin ramukan hannun, ko bakinsa ya cinye, ko notinsa ya kwance. Ɗaure notin daidai, kada ka matse har hannun ya ƙi motsi.

Sannan duba sandar da fayafayan ke zamewa a kai. Garin katako da tsohon giris kan daskare a nan. Goge da tsumma da ɗan kananzir, ka ɗiga mai kaɗan, amma kada ko ɗigo ya taɓa bel. In gefen bel ɗin ya siraita ko yana sheƙi, sauya shi da mai faɗi iri ɗaya.

Kada ka taɓa juya hannun alhali injin yana kashe, fayafayan kan tsage. Cire sifirin kuwa, a matse yake sosai, bar wa makanike. Allah ya kiyaye.