Lasin Tuƙi Bai Tambayi Giya Ba: Shawarwari Ga Magidanta a Maiduguri

A gidaje da dama na GRA, tsohuwa da sabuwa, mota ba ɗaya ba ce a haraba. Akwai ta maigida, akwai ta uwargida da ake kai yara makaranta, wani lokaci kuma ga Hilux ta zuwa gona a gefe. Sau da yawa biyun farko atomatik ne, masu canja giya da kansu, ta ukun kuwa mai kuloci ce. Makullan duka a rataye suke wuri guda, kuma duk mai lasi a gidan gani yake ya isa ya ɗauki wanda ya ga dama. Takarda ba ta hana shi ba. To amma abin da takarda ta ƙyale, wajibi ne gida ya tsaya a kansa, domin rai ne a ciki.

1. Ku san abin da lasin Najeriya ya ƙunsa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta kasa lasi ne bisa nauyin abin hawa da irin aikinsa. Rukunin A na babur ne. Rukunin B, wanda yake hannun galibin masu motar gida, na motar da nauyinta bai kai tan 3 ba ne, ban da tasi da bas ta haya. G na manyan motoci masu jan tirela ne, J kuma na masu buƙata ta musamman. Duk cikin rukunan nan babu wanda aka gina kan irin giya. Wanda ya koyi tuƙi da atomatik, bai taɓa taka kuloci ba, lasinsa iri ɗaya ne da na tsohon direban da ya shekara talatin yana jan Fijo 504 tsakanin Maiduguri da Kano. Saboda haka idan yaro ya ce, “Baba, ai ina da lasi,” bai amsa tambayar ba tukuna. Tambayar ita ce: da wace irin mota ka koya?

2. Ku leƙa ƙasan sitiyari, kada ku tsaya kan sandar giya. A ƙasashen da ake ba da lasin atomatik zalla, ma'aunin ɗaya ne: akwai kuloci da ake takawa da ƙafa ko babu? Abin takawa uku, mai kuloci ce. Abin takawa biyu, birki da totur, atomatik ce a wurin doka, komai irin injin da yake cikin akwatin giyar. Haka ƙa'idar Tarayyar Turai kan lasin tuƙi ta tsara, haka ma ake yi a Ingila.

Da wannan ma'auni, ga waɗanda mai lasin atomatik zai iya tuƙawa. Na farko, atomatik ta asali da muka saba gani a tsofaffin Camry da Accord, wadda mai ne yake sadar da ƙarfin inji zuwa giya. Na biyu, CVT, wadda ba ta da matakan giya sam, bel ne na ƙarfe yake gudana tsakanin faifai biyu. Ita ce a cikin Nissan da yawa, da Accord mai silinda huɗu daga 2013, da galibin Corolla 'yan Amurka daga 2014. Na uku, mai kuloci biyu a ɓoye, irin DSG ta Volkswagen, wadda kwamfutar motar ce take sarrafa su. Na huɗu, wadda asalinta giyar hannu ce aka ɗora mata na'ura mai taka kuloci, kamar wasu ƙananan Toyota 'yan Turai. Motar lantarki ma a nan take, kuma ba baƙuwa ba ce a garin nan tun da gwamnatin Borno ta fara sako tasi masu aiki da caji a tituna.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne motar da take da alamar + da − a gefen sandar giya, ko 'yan maɓallai a bayan sitiyari da ake ƙara giya da su. Wasu suna ɗauka ta zama mai giyar hannu. Ba ta zama ba. Muddin ƙafar hagu ba ta da aiki, atomatik ce, kuma iya wasa da waɗannan maɓallai ba ya nufin mutum ya iya kuloci.

3. Idan ɗanku ko 'yarku za ta fita karatu ko aiki waje, ku yi maganar nan tun kafin tafiya. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da atomatik ana buga masa lamba 78 a bayan lasi. Idan aka kama shi da mota mai kuloci a Ingila, laifinsa na tuƙa abin da lasinsa bai ba shi izini ba ne: tarar da za ta iya kaiwa fam 1,000, da maki 3 zuwa 6 a kan lasi, ga rigimar inshora idan an yi haɗari. Lasin Najeriya yana aiki a Ingila na wata 12 ne kacal ga wanda ya koma da zama, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa kai tsaye, sai an sake jarrabawa. A ranar jarrabawar nan ne zaɓin mota yake zama hukunci. Wanda ya zauna ta da mai kuloci ya sami izinin duka biyun. Wanda ya zauna ta da atomatik, sai ya sake wata kafin a cire masa lambar. A Faransa kuwa ana cire ta da horon awa 7 a makarantar tuƙi. A Jamus, tun Afrilun 2021, akwai lamba 197, wadda take ba mutum damar yin jarrabawa da atomatik amma ya tuƙa mai kuloci, idan ya yi darasi 10 da ita. Dubai da Afirka ta Kudu ma suna rubuta wannan iyaka a lasi. Amurka kuwa ba ta bambantawa a lasin ƙaramar mota.

4. Da wacce ya kamata a koya? Ra'ayina shi ne matashi ya fara da mai kuloci. Wanda ya iya ta, zama ɗaya ya ishe shi ya saba da atomatik, amma komawa daga atomatik zuwa kuloci kusan sabon karatu ne. Ga kuma batun neman abinci: da yawa daga motocin ma'aikatu da na ƙungiyoyin agaji da suka cika garin nan, da bas-bas ɗin tasha, masu kuloci ne, kuma ba a ɗaukar direban da mota take mutu masa a danja. Sai wani dalili da ba a son ambata, amma yana nan: dare ya yi, jiki ya rikice wa wani, motar da ta rage a gida mai kuloci ce, kuma ana son isa Asibitin Koyarwa cikin gaggawa. Ya kamata a ce akwai aƙalla mutum biyu a gida da za su iya tayar da kowace mota da take haraba.

Wannan ba dalili ba ne na hana uwargida ko dattijo tuƙi. Wanda gwiwarsa ta hagu take ciwo, ko wadda buƙatarta ba ta wuce makaranta da kasuwa da gidan 'yan uwa ba, ta koya da atomatik, ba ta rage komai ba. A cunkoson Kasuwar Monde da bakin Fos Ofis, inda keke napep suke kutsowa ta ko'ina, mai atomatik ya fi samun sukunin sa ido a hanya. Abin da ba shi da kyau kawai shi ne a miƙa wa wadda ta koya da atomatik makullin Hilux wata rana a ce, “Ai duk mota mota ce.”

5. Ku ji tsoron atomatik a cikin haraba fiye da kan titi. Nan ne nake son mai karatu ya dakata. Mota mai kuloci tana yafe wa ɗan koyo kuskure ɗaya: idan ya rikice ya saki ƙafa, yawanci sai ta yi tsalle ta mutu. Atomatik ba ta mutuwa. Da an sa ta a D ko R aka ɗaga ƙafa daga birki, za ta fara tafiya ko ba a taɓa totur ba. Idan kuma mutum ya firgita ya danna totur yana zaton birki ne, da dukkan ƙarfinta za ta zabura. A gida kuwa abin da yake gabanta ko bayanta bango ne, ko maigadi yana buɗe get, ko yaro ɗan shekara uku da ya biyo mahaifiyarsa, wanda tsawonsa bai kai a gan shi ta madubi ba.

Ku kafa dokoki a gida, ku tsaya a kansu. Ba a tayar da mota sai an san inda kowane ƙaramin yaro yake, kuma wani babba yana riƙe da shi. Ƙafar dama ce kaɗai take aiki, ta hagu ta zauna a gefe. Wanda ya saba da kuloci ya fi kowa buƙatar wannan tunatarwa, don ƙafarsa ta hagu takan nemi kuloci ta faɗa wa birki. Ba a fita daga mota tana kunne a D, ko da buɗe get za a yi a dawo. A tsaya cak, a ja hambirki, a mayar da giya P, sannan a buɗe ƙofa. Mai wanke mota da yaran gida kuma kada a bar musu makulli da sunan “ɗan gyara mata tsayuwa.”

6. Kafin ku ɗauki direba ko ku ba da aron mota, ku zauna a gefensa ya zagaya da ku. Ku duba rukunin lasinsa da ranar ƙarewarsa, amma ku fi duba ƙafarsa. Tsohon direban mai kuloci yakan zo da ɗabi'ar zare giya ya bar mota ta gangara a furi don tattalin mai. A atomatik wannan ba ya rage wani mai na kirki, yana dai rage masa iko da motar. Ku lura kuma ko yana jefa ribas tun mota ba ta gama tsayawa ba, domin wannan yana cin giya a hankali.

7. Man giya ba ɗaya ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa yana neman inda zai rage kashe kuɗi, amma kada ragin ya faɗo nan. Kowace giya da man da kamfani ya rubuta mata: Toyota tana da T-IV da WS, Honda tana da DW-1 ga atomatik ta asali da HCF-2 ga CVT, Nissan tana da NS-2 da NS-3. Zuba man atomatik na gama-gari a CVT yana sa bel ya riƙa zamewa, ƙarshenta sai sayen wata giyar. Ku karanta littafin motar ko jikin sandar gwajin mai, ku saya da kanku, ku tsaya a zuba a gabanku. Zafin Afrilu da Mayu a garin nan yana haura digiri 40, kuma zafi ne babban abokin gabar man giya. In ya yi baƙi ko yana warin ƙuna, ya gama aiki. A yawancin motoci lagireto ne yake sanyaya shi, don haka lagireton da ƙurar hunturu ta toshe yana cutar da giya kamar yadda yake cutar da inji.

8. Ruwa. Bayan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, motoci masu yawa sun kwana cikin ruwa a unguwannin da ambaliyar ta shafa. Akwatin giya yana da 'yar kafar shan iska, ta nan ruwa yake shiga, kuma ɗan kaɗan ya isa ya lalata faifan cikin atomatik. Motar da ta nutse ba a kunna ta don a gwada. A ja ta zuwa gareji, a juye mai. Mai sayen mota ta hannu a garin nan ya zaro sandar man giya ya duba: in man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. Ya ɗaga kafet kuma ya nemi busasshen laka a ƙarƙashin kujeru.

9. Atomatik ba ta tashi da turi. In batir ya mutu, sai waya daga wata motar ko wani batir, don haka ku ajiye wayar a but, musamman masu bin hanyar Damaturu. Janwe da igiya mai nisa, tayoyin da suke jan motar suna ƙasa, yana ƙona giya, saboda famfon mai ba ya aiki in inji a kashe yake. A ɗaga tayoyin ko a ɗora ta a kan wata motar. In kuma ta kafe a rairayi, a sa L ko 2, a taka totur a hankali, a rage iskar taya in ta kama. Yawan kai da komo tsakanin D da R da ƙarfi yana dafa mai cikin 'yan mintoci.

10. Ku bar yaro ya bi hanyar lasi yadda aka tsara ta. Sai ya cika shekara 18, ya yi makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, jami'an duba motoci su gwada shi, a biya kuɗi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi na wucin gadi mai kwana 60 kafin na dindindin mai shekara 3 ko 5 ya fito. Masu cewa a kawo kuɗi da hoto kawai, lasi zai iso har gida, suna sayar muku da takarda ne, ba su koya wa kowa taka birki ba. Ranar da za ku biya kuɗin makaranta, ku tambaya da wace mota za a koyar, ku ce a haɗa masa duka biyun. In ya dawo da lasi, Alhaji, ka fita da shi da kanka wata safiya da titi ba kowa, ka ga tuƙinsa a kowace motar gidan kafin ka sakar masa makullinta.