Darasi na 14: Kuɗin Sallama da Haƙƙin 'Ya'ya

Ba sai an koya wa mazaunin Ikko mene ne sallama daga aiki ba. Daga Jankara zuwa Zangon Agege, daga Idi-Araba zuwa Mile 12, da wuya ka shiga layin da babu wanda aka taɓa miƙa wa takarda aka ce kamfani ya rage ma'aikata. Masu gadi ne, direbobi ne, leburorin masana'antun Ikeja da Apapa ne. Haka kuma ba sai an koya muku cewa ciyar da 'ya'ya a wuyan uba yake ba, ko aure na nan ko ya mutu. Wannan tun kuna yara kuka san shi.

Ɗabi'a guda ce ta kawo wannan darasi, kuma ta yi yawa a cikinmu. Mutum ya karɓi kuɗin sallama ya yi gum, sannan ya aika wa uwar 'ya'yansa da suka rabu cewa aiki ya ƙare, kada ta ƙara sa ran komai. To, ku riƙe wannan tun daga farko: kafin ka taɓa kuɗin sallama, fitar da rabon 'ya'yanka.

Abin da doka ta ce game da sallama

Sashe na 20 na dokar ƙwadago ta Nijeriya ya ɗora wa mai kamfani abu uku idan zai rage ma'aikata. Ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda za a rage. Ya fara da waɗanda suka shigo daga baya, tare da duba ƙwazo da ƙwarewa. Ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin da za a biya. Dokar ba ta yanke adadi ba. Abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki ko yarjejeniyar ƙungiya shi za a bi, don haka karanta kafin ka sa hannu. Idan an danne maka, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Ikoyi. Mai asusun fansho kuwa, dokar fansho ta 2014 ta ba shi damar cire har kashi 25 cikin 100 idan bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata 4 bai sami wani aikin ba.

Kada kuma ka ci bashi a kan kuɗin da bai shigo ba. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka yi shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, amma har 2018 ana kan biyan tsofaffin ma'aikatansa. In Allah ya sa naka ya shigo, ka san abin da za ka fara yi.

Aiki ya ƙare, uba bai ƙare ba

A mazhabar Malikiyya da muke bi, uba zai ci da ɗansa namiji har ya balaga ya iya nema, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan mijinta. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna cewa kowa zai ciyar ne gwargwadon abin da Allah ya hore masa. Ba albashi aka ambata ba, abin hannu aka ambata. Wanda ba shi da komai an yi masa uzuri har ya samu. Amma wanda dubban ɗaruruwa ke kwance a asusunsa ba zai shiga sahun marasa shi ba, ko da ba shi da wurin zuwa da safe.

Dokar gwamnati ma haka. Jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, kuma a wurinta duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Kotun Iyali tana duba abin da uba ya mallaka da abin da zai iya samu, ba takardar albashi kaɗai ba.

Yadda abin yake faruwa a gida

Ga misalin wani mai gadi a Zangon Agege. An sallame shi, kuɗi ya shigo ranar Laraba. Kafin Juma'a ta zagayo sau biyu akwai sabon babur a ƙofar ɗaki, ledar kujera ma ba a cire ba. A bayan labule akwatuna uku, ɗaya kan ɗaya. Ranar Lahadi sai ga 'yarsa ta fari daga Idi-Araba, ta sha danfo biyu, ta riƙo takardar makaranta a ninke cikin hijabi. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, an ce in ba a biya ba ranar Litinin kada mu zo. Kuma auta yana ta tari."

"Ba na aika wa uwarku cewa an sallame mu ba? Ina zan samu?"

Yarinya ta yi shiru, idonta a kan babur. Yayarsa mai sayar da tuwo a bakin layi tana tsakar gida tana kankare tukunya, duk a kunnenta. Ta tsame hannu, ta goge a zani, ta leƙo.

"Kai, baburin nan na waye?"

"Na nema ne, Yaya. Da shi zan riƙa fita."

"Madalla. Akwatunan fa, su ma fasinja za ka ɗauka da su?"

"Haba Yaya, a gaban yarinya?"

"Ai a gabanta ka ce ba ka da shi. Ita ba ta da ido ne? Lefen wata ka haɗa da kuɗin littafin wannan. Jiya ina gani ka ba mai shayi rancen dubu ashirin, ka saya wa 'yan majalisa tsire. Waccan baiwar Allah tana can tana wankau don 'ya'yanka su ci. Ita ka saka, ba su ba."

"To ai suna gidan kakansu."

"Kakansu ne ya haife su? Ɗauko wayar nan ka tura yanzu, ina tsaye. Ke kuma shigo ki ci tuwo, tun safe ba ki sa komai a ciki ba, ga shi nan a fuskarki."

Ba kowane gida ke da irin wannan yaya ba. Abin da ya fi yawa shi ne maƙwabta masu zuga. Su ne masu cewa, "In ka tura mata, sabon mijinta zai ci." Su ne masu cewa, "Tunda ta tafi da su, ta ji da su." Ranar da kuɗi ya shigo suna ƙofar ɗakinka tun asuba, ranar da ya ƙare ko sallamarka ba sa amsawa da ƙarfi. Yaro yana yawo a Pen Cinema lokacin makaranta, suna gani, ba mai cewa uffan. Kada ka ɗauki shawarar irin waɗannan. Fitar da rabon 'ya'yanka tukuna.

Mu yi lissafi

Albashi rijiya ne, ka ɗiba yau gobe ta kawo. Kuɗin sallama ruwan randa ne, abin da ka ɗiba ya tafi ke nan. Shi ya sa ake rabawa tun randa na cike.

A ce an ba ka Naira 900,000, kuma da ma kana tura wa yara 30,000 duk wata. Na wata 12 ya kama 360,000. A ce kuɗin makaranta 40,000 ne kowane zango, zango 3 ya kama 120,000. Jimla 480,000. Saura 420,000, a nan za ka nemi jari da kuɗin haya. Rabon yaran ka sa shi a wani asusu daban, ko ka biya makaranta na shekara gaba ɗaya ka karɓi rasit. Duk abin da ka tura, ajiye shaidarsa. Babur ma ka yi tunani kafin ka saya, domin a ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6, har da Ikeja da Apapa.

Idan da gaske ba zai isa ba

Ragi ake nema, ba shiru ake yi ba. Ɗauki takardar sallama da ta kuɗin da aka ba ka, ka zauna da waliyyin uwar yaran a gaban liman ko a fadar Sarkin Hausawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A yanke abin da za ka iya, a rubuta, shaidu su sa hannu. Legas ba ta da kotun Shari'a ta gwamnati irin ta Kano ko Sakkwato, amma tana da Cibiyar Sasanta Jama'a a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a tun 1999, kuma kyauta ne. Idan kotu ce ta yanka maka kuɗin wata, hukuncin yana nan daram har sai ita ta sauya shi. Watan da ka tsallake da ra'ayin kanka bashi ne a kanka.

Ke ma uwar yara, idan kin ji an sallame shi, nemi a zauna da wuri, kada ki jira sai kuɗi ya ƙare. Abin da aka ba ki amanar yara ce. Kada kuma ki hana su ganin ubansu don kuɗi ya ragu.

Tambayoyi

1. Sallama daga aiki tana sauke wa uba nauyin ciyarwa?
2. Mai tura 25,000 duk wata, nawa zai ware na wata 12?
3. Wa ke da ikon rage kuɗin da kotu ta yanka?

Wanda ya iya karanta wannan darasi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba. Kai kuma da takardar sallama ke aljihunka yau, kada ka saya, kada ka ranta, kada ka kai kuɗin gaisuwa gidan kowa sai ka fitar da rabon 'ya'yanka. Allah zai tambaye ka a kansu.