Awon Gaskiya: Darasi a kan Kwalba da Ludayi

Ya 'yan'uwana, ku da kuka soma bin wannan Hanya, da ku masu tambaya a kanta: maƙwabtanmu ba su jin addu'ar da muke yi a ɗaka, amma kowace rana suna ganin yadda muke awo. Cikin Littafin Firistoci, sura 19, aya 35 da 36, Allah ya hana Isra'ilawa zamba cikin awo, har ya ambaci hin, wato ma'aunin mai da ruwan inabi, wanda ya kusa lita 4. In Ubangiji ya kula da hin, ashe yana kula da kwalbarka.

1. Ma'auninka ya zama ɗaya. Akwai mai saye da babban gwangwani, sa'an nan ya sayar da wanda ya bubbuge gindinsa ya shige ciki. Akwai mai karkata ludayi. Mai saye bai gani ba, amma sata ce.

2. Kada ka sayar da kumfa. In ka kwarara man gyaɗa da sauri, kumfa ta kan taso ta cika wuyan kwalba. Mai saye ya isa gida, ya tarar mai ya sauka. Ka sa mazurari, ka zuba a hankali, ka dakata kumfa ta kwanta, kana ka cika. Ka ajiye kwalbar a daidaitaccen wuri, ka sunkuya idonka ya yi daidai da bakin man, gama mai dubawa daga bisa ya kan ruɗe.

3. Kada ka gauraya. Mai ƙara wa nono ruwa tana cin kuɗin ruwa, in kuwa ruwan ba mai tsabta ba ne ta sayar da zawo ga yaran mutane. Mai haɗa kananzir da fetur ya fi ta laifi, gama fitila ta kan fashe, gida ya ƙone.

4. A gida ma awo yana tsare rai. Cokalin magani mililita 5 ne, amma cokulan ɗakinmu wani ya fi wani girma; ku yi amfani da ma'aunin da ya zo tare da maganin. Kada a ɗura kananzir a fitila tana ci. Kada kuma a ajiye shi cikin kwalbar abin sha, domin yaro mai ƙishi ba ya tambaya.

Wataƙila wani ya ce, "In na cika awo, ina ribata?" Ɗan'uwana, ka ƙara kuɗi a fili in ya zama dole, mai saye ya yarda ko ya ƙi. Tsada ba zunubi ba ce in an faɗe ta. Ragi a ɓoye shi ne zunubi. Wanda ya riga ya cuci wani kuwa, sai ya je ya mayar masa, kamar yadda Zakka ya yi.

Tambayoyi: Ma'auni nawa ne a rumfarka? Za ka yarda a auna maka da wanda kake auna wa mutane?