Darasi na Bakwai: Tasirin Rage Sitaci da Sukari ga Lafiyar Haƙora

Gabatarwa

Yawancin cimakar Bahaushe daga hatsi take, kamar tuwo da fura da koko da waina. Waɗannan, tare da sukari da zuma da rake, masana suna sanya su a rukunin kabohaidiret. A wannan darasi za a duba abin da ke samun haƙora idan mutum ya rage cin wannan rukuni.

Yadda Haƙori Ke Ruɓewa

A bakin kowane mutum akwai ƙwayoyin cuta da ke maƙale a jikin haƙora. Da zarar sun sami sukari ko dafaffen sitaci, sai su mayar da shi asid, shi kuwa asid ya riƙa cinye farin ɓawon haƙori har ya yi masa kogo. Miyau ne ke kashe kaifin asid ɗin, amma yana buƙatar lokaci. Saboda haka yaron da ya wuni yana tsotsar alewa ya fi shiga haɗari a kan wanda ya sha zaƙinsa lokaci guda tare da abinci. Binciken Vipeholm na ƙasar Suwidin, wanda aka buga a 1954, ya tabbatar da haka.

Amfanin Ragewa

Idan sukari ya ragu, abincin ƙwayoyin cutar ya ragu, ruɓewa kuma ta ja baya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da jiki ke samu a rana.

Illar Wuce Gona da Iri

Wanda ya ƙaurace wa sitaci kusan baki ɗaya, jikinsa yakan koma ƙona kitse, abin da kan haifar da warin baki da bushewarsa. Busasshen baki kuwa ya rasa kariyar miyau. In ya haɗa da guje wa 'ya'yan itatuwa da ganyaye, ƙarancin bitamin C na iya sa dasashinsa zubar da jini.

Kammalawa

Babban abin gudu shi ne yawan tsotsar zaƙi tsakanin abinci. Ya kamata malami ya nusar da ɗalibansa hakan, ya kuma kwaɗaitar da su yin asuwaki ko goge baki safe da dare.

Auna Fahimta

1. Bayyana aikin miyau wajen kare haƙora.
2. Kawo illoli biyu na ƙaurace wa sitaci.
3. Tsara gajeren darasi a kan wannan batu domin 'yan aji huɗu na firamare.