Tsamin Tumatirin Ikara: Daga Buret Zuwa Python

Yawancinmu 'yan SLT muna ɗaukar firaktikal ɗin kemistiri da darasin kwamfuta kamar abubuwa biyu da ba su taɓa haɗa hanya ba. Ranar Talata a sa farar riga a shiga lab, ranar Alhamis a tafi ɗakin kwamfuta a kwafi abin da Malam ya rubuta a allo, a ci jarrabawa a manta. Alhali aiki ɗaya ne aka raba biyu: buret ke ba ka lamba, furogiram kuma ke juya lambar ta zama amsa. Wanda ya iya haɗa su ya huta da rabin wahalar furojek. Zan nuna yadda ake yi da abin da duk ɗan Saulawa, Ikara, Kudan ko Hunƙuyi ya sani tun yana yaro, wato tumatir.

Me ya sa za a auna tsamin tumatir? A wajenmu idan kakar noman rani ta yi, kwando yakan faɗi warwas, manomi ya rasa yadda zai yi, wasu su yanka su shanya a yi kauɗa, wani kuma ya ruɓe a gona. Domin haka aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara, haka ma na Dangote a Kadawa ta jihar Kano. Duk inda ake niƙa tumatir a rufe shi a gwangwani ko kwalba, dole a samu mai auna tsaminsa, don tsamin ne ke ba shi ɗanɗano, kuma yana cikin abin da ke hana shi lalacewa. Wannan kujerar irin tamu ce, masu difloma. Asid ɗin da ya fi yawa a tumatir shi ne sitirik, irin na lemon tsami, kuma yawanci yakan kama tsakanin kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin ɗari na nauyin ruwansa.

Kafin ka taɓa tumatir, fara da soda

Abin da za mu zuba a buret shi ne ruwan NaOH, sodar nan da ake sabulu da ita. A takarda lissafin ba wuya: mol ɗaya giram 40 ne, don haka giram 4 a lita ɗaya ya ba ka 0.1 M. Amma soda ba ta da amana. Kana buɗe robarta take fara zuƙar danshin iska, har ka ga ƙwayoyin suna naso a kan sikeli, kuma tana haɗuwa da iskar CO2. Giram 4 ɗin da ka auna ba duka ne soda ba. Wanda ya ga an rubuta 0.1 M a jikin kwalba ya yarda kawai, ya gina lissafinsa a kan rairayi.

Maganin shi ne a gwada sodar da wani sinadari da ba ya canzawa, irin su KHP, wanda mol ɗinsa giram 204.22 ne, kuma mol ɗaya nasa mol ɗaya na soda yake ci. A ce ka auna giram 0.500 na KHP ka narkar, sai ya ci mililita 25.50 na sodarka. Raba 0.500 da 204.22, ka samu mol 0.002448. Raba wannan da lita 0.02550, ka samu 0.0960 M. To ka ga, ba 0.1 ba ce. Bambancin kashi huɗu cikin ɗari ne, kuma zai bi duk wata amsa da za ka fitar a ranar. Riƙe 0.0960 ɗin nan, za mu dawo gare ta.

Wani abu kuma, don Allah: kada a ja soda a fifet da baki. A yi amfani da robar ja. Idan ta fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudu na tsawon minti 15 a kira mai kula da lab, ba a tsaya ana murzawa ba.

Yanzu sai tumatir. Niƙa shi, ka tace da ƙyalle mai tsabta ko takardar tacewa, ka auna giram 10 na ruwan a filas. A nan ne matsalar da littafi ba ya yawan faɗa take fitowa. Indiketar da muke sa wa, finoftalin, ba ta da launi a cikin asid, sai pH ya kai wajen 8.2 take komawa ruwan hoda. To ruwan tumatir da ma ja-ja ne, yaya za ka ga hoda a cikin ja? Ƙara masa ruwan distil kamar mililita 50 har launin ya dusashe. Na sha jin 'yan aji suna gardama cewa ƙarin ruwa zai rage asid ɗin. Ba ya ragewa. Idan ka zuba cokalin sukari a kofi ko a bokiti, sukarin dai cokali ɗaya ne. Zaƙin ne ya bambanta. Soda kuwa yawan asid take ƙirgawa, ba ta damu da yawan ruwan ba. Sai ka ajiye wani filas ɗin na ruwan tumatir a gefe, wanda ba a ɗiga masa komai ba, ka riƙa kwatanta launin biyu a kan farar takarda.

Sauran ƙa'idojin buret mun san su, amma gaggawa ke sa a tsallake: a ɗauraye shi da sodar kanta bayan ruwa, a kori kumfar da ke maƙalewa a tsininsa, a cire mazurari kafin a fara karatu, a sa ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. Karatu kuma lamba biyu ne bayan ɗigo, ta ƙarshe 0 ko 5. Idan hodar ta fito ta tsaya daƙiƙa 30, ka gama. Bayan minti biyu ko uku za ka ga ta dusashe, saboda iskar CO2 tana shiga filas ɗin. Kada ka ƙara ko ɗigo ɗaya.

A ce awonka huɗu ya fito haka: 6.60, 6.20, 6.10, 6.15. Na farko na lalube ne, an yi shi ne don a san inda hodar take, ba ya shiga lissafi. Sauran ukun dole su kasance tazararsu ba ta wuce 0.10 ba. Na nan sun cika sharaɗi, matsakaicinsu 6.15.

Daga ina 6.4 ta fito?

A takardar firaktikal za ka ga an ce ka ninka da 6.4, ko 0.064, mutane su haddace ba tare da tambaya ba. Ga asalinta. Mol ɗaya na asid sitirik giram 192 ne, kuma yana da haidirojin uku da soda za ta ci. Ke nan mol ɗaya na soda yana cinye sulusinsa ne, giram 64. Buret a mililita yake ba ka karatu, sai a raba da 1000, ya zama 0.064. Amsar kuma cikin ɗari ake so, sai a ninka da 100, ya zama 6.4. Shi ke nan. Don haka tsami shi ne matsakaicin awo sau ƙarfin soda sau 6.4, a raba da nauyin samfur. Namu: 6.15 sau 0.0960 sau 6.4, a raba da 10, ya ba da 0.38. Da mun yarda da rubutun jikin kwalba da 0.39 za mu samu. Da mun ƙara da cusa awon lalube, da ya kai 0.40.

Samfur ɗaya, kalkuleta ta isa. Amma a furojek za ka iya samun samfur talatin, kowanne awo uku. A nan ne yatsa ke zamewa, kuma a nan ne darasin ranar Alhamis ke da amfani. Python, yaren da Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, shi ya fi sauƙi ga wannan aiki. Ba sai kana da laftof ba: manhajar Pydroid 3 tana aiki a wayar Android, kuma da zarar ka sauke ta ba ta buƙatar data don ɗan aiki irin wannan. Ga furogiram ɗin gaba ɗaya:

awo = [6.20, 6.10, 6.15]
karfi = 0.0960
amsa = input("Nauyin samfur a giram: ")
nauyi = float(amsa)
tazara = max(awo) - min(awo)
tazara = round(tazara, 2)
if tazara <= 0.10:
    matsakaici = sum(awo) / len(awo)
    tsami = matsakaici * karfi * 6.4 / nauyi
    tsami = round(tsami, 2)
    print("Tsami cikin ɗari:", tsami)
else:
    print("Awo bai daidaita ba, koma buret")

Layi goma sha uku ne. Sunayen nan, awo, karfi, nauyi, ni na zaɓe su. Kwamfuta ba ruwanta da ko Hausa ce ko Turanci, muddin ka rubuta sunan iri ɗaya a ko'ina. Layukan da ke ƙarƙashin if da else kuwa dole a tura su ciki daidai wa daida, da wannan tazarar gefen ne Python ke gane abin da ke ƙarƙashin me.

Layi na huɗu ba ado ba ne. Duk abin da ka buga wa input, Python na karɓarsa a matsayin rubutu, ba lamba ba. Idan ka buga 10 ka ce ya ninka da 2 ba tare da float ba, 1010 zai ba ka, kuma ba zai ce ka yi kuskure ba. A namu furogiram ɗin an ci sa'a, da ya zo wajen rabawa zai tsaya ya yi ƙorafi. Kuskuren da ke ƙorafi mai sauƙi ne. Wanda ke yin shiru ya fi haɗari, kuma layi na shida don shi aka sa shi.

Gwada da kanka: goge layi na shida ka sake kunna furogiram ɗin. Zai ce maka awo bai daidaita ba, alhali kai da idonka ka ga 6.20 a cire 6.10 ya zama 0.10 cif. Me ya faru? Kwamfuta da 0 da 1 take ajiye lamba, kuma a wannan tsarin lambobi irin 6.1 da 6.2 ba sa ƙarewa, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa a wajenmu, 0.3333 har abada. Sai ta yanke su a wani wuri. Ka tambaye ta 6.20 - 6.10, za ta ba ka 0.10000000000000053. Wannan ɗan wutsiyar ya sa ta fi 0.10, sai furogiram ya kori awo mai kyau, ya mayar da kai lab ka ƙona soda da samfur a banza. Wallahi mutum zai iya kwana yana duba buret alhali laifin na waya ne. Shi ya sa muke datse tazarar zuwa lamba biyu bayan ɗigo kafin a gwada ta, daidai da iyakar abin da buret ke iya gani.

Haka nan wajen amsa. Ba don round ba, allon zai nuna 0.377856 ko ma fiye. Ɗalibi ya ga lambobi sun yi yawa sai ya ji daɗi ya kwafe su duka a rahoto, yana ganin ƙwarewa ce. Malam kuwa maki zai zaftare. Awonmu 6.15 ne, kuma kowane karatu na iya kaucewa da 0.05, a awo ƙarami irin wannan kuskuren ya haura kashi ɗaya cikin ɗari. Lamba ta huɗu da ta biyar ƙarya ce kawai da ta sa kaya masu kyau. Idan kana son amsa mai ƙarfi, a lab ake nemo ta: ɗauki giram 30 maimakon 10, awon ya kai wajen mililita 18, kuskuren buret yana nan yadda yake, amma rabonsa a cikin amsar ya ragu zuwa sulusi.

Akwai kuma abin da furogiram ɗin ba zai taɓa kamawa ba. Idan sau uku kana wuce hodar da ɗigo biyar-biyar, awonka zai daidaita sarai, kwamfuta ta ba ka amsa da murna, kuma amsar ba daidai ba ce. Daidaituwar awo tana nuna hannunka bai rawa ne kawai. Haka ma mai “gyara” lamba, wanda ya samu 6.45 ya rubuta 6.15 don ta shiga layi. Mu bar wannan ɗabi'ar a nan makaranta ma, don a kamfani lambar da ka rubuta ita za a bi a cika gwangwani dubu.

Abu na ƙarshe da ake yawan rikitawa a jarrabawa: yawan asid daban, pH daban. Taitireshin yana ƙirga dukkan asid ɗin da ke cikin samfur. Shi kuwa pH yana auna wanda ya saki haidirojin ɗinsa a cikin ruwan a lokacin. Tumatir biyu na iya samun yawan asid kusan ɗaya amma pH ɗinsu ya bambanta. Kuma wajen lafiyar abincin gwangwani pH ne alƙali. Iyakar ita ce 4.6: ƙasa da ita ƙwayar cutar Clostridium botulinum ba ta iya tsirowa ta fitar da gubarta, sama da ita, tafasawa a tukunya kaɗai ba ta isa ba. Tumatir kuwa a bakin iyakar yake zaune, yawanci tsakanin 4.0 da 4.6, kuma yana ƙara nuna asid ɗinsa na raguwa. Wanda ya kwana biyu a kwando cikin rana a bakin titi ya fi kusa da tsallakawa. Shi ya sa masu sarrafawa ke ƙara masa asid sitirik. Ita kanta na'urar pH ɗin da ke lab ɗinmu daga irin wannan aiki ta samo asali: a 1934 Arnold Beckman ya ƙera tasa a Kalifoniya ta Amurka don wani masanin kemistiri da ke fama da auna tsamin ruwan lemo. Idan na'urar na aiki, ka saita ta da ruwan bofa na 4 da na 7, sannan ka yi taitireshin da ita har ta nuna 8.1, ka huta da neman hoda a cikin ja.

Ga masu neman taken furojek a bana, ga shi a ƙofar gida. Samo tumatir iri ɗaya daga gona ɗaya a fadamar Saulawa ko Kudan, kashi uku: mai ɗanyen jiki, wanda ya nuna daidai, da wanda ya yi lugub. Auna yawan asid da pH na kowanne, ka rubuta karatun buret da biro a littafi kafin ka shigar a waya. Sai ka ƙara wa furogiram ɗin layi huɗu: biyu su karɓi pH su mayar da shi lamba, biyu su yi gargaɗi idan ya wuce 4.6.