Yadda ake haɗa baƙin lemon malt da tsiron dawa a gida

A Ingila ana sayar da gwangwanin ruwan malt na haɗa baƙar giyar stout a gida, da bokiti da yis. Namu ba giya ba ne, ba ya buƙatar yis ko gwangwani. Da gwamnati ta hana shigo da sha'ir, wanda ake yin malt da shi, a 1988, kamfanonin Najeriya sun koma ga dawa, ita kuwa tana kowace kasuwa.

Kaya: mudun dawa ɗaya, buhun algarara, tukwane biyu, muciya, mataci na yadi, robobi masu murfi. Abu ɗaya za ki nema a shagon kayan asibiti ko na masu yin kek, wato ma'aunin zafi mai kaiwa digiri 100. Ba shi da tsada, kuma kada ki yarda da mai cewa yatsa ya isa.

Sayi dawar bana, na fi son kaura. Ki guji irin shuka da aka shafa wa magani. Wanke, zubar da wadda ta taso sama, jiƙa kwana ɗaya kina sauya ruwa. Baza a kan jiƙaƙƙen buhu a inuwa, rufe, yayyafa ruwa safe da yamma kina juyawa don kada ta yi fumfuna. Kwana uku zuwa huɗu ta tsira. Shanya har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori.

Nan masu gaggawa ke cutar da mutane. Saiwa da ɗan tohon dawa suna ɗauke da guba, irin wadda ke kashe awaki idan sun ci sabon toho. Murje su tsaf tsakanin tafukanki, ki bakace har sai ƙwaya zalla ta rage.

Ware kashi ɗaya cikin goma, soya a kasko ba mai har ya yi duhun kofi. Daga nan launi da ɗan ɗacin suke fitowa, kamar yadda gasasshen sha'ir ke baƙanta stout. Haɗa duka a ɓarza, ba niƙa ba.

Yanzu ga inda aikin yake. Za ki ji ana cewa a zuba tsakin a ruwa a tafasa kawai. Wanda ya yi haka kunu zai samu, ba zaƙi. Abin da ke mai da sitaci sukari yana cikin ƙwayar da ta tsira, kuma tafasa na kashe shi. Sitacin dawa kuwa ba ya sakin jiki sai ya sha wuta sosai. Dole a raba su. Dama tsakin da ruwa mai ɗan ɗumi, kamar lita huɗu ga kowane kilo, ki bar shi awa guda ya kwanta. Tsiyaye ruwan saman a hankali cikin ɗaya tukunyar, ki ajiye. Ƙarfin yana cikinsa. Ƙara ruwa a kan abin da ya kwanta, ɗora a wuta kina tuƙawa har ya yi kauri kamar talge. Sauke, bari ya ɗan huce, sannan ki mayar da ruwan da kika ajiye, ma'auni na nuna 60 zuwa 65. Rufe, naɗe tukunyar da bargo, awa biyu. Idan kin buɗe za ki ga muciya na wucewa ba nauyi, kaurin ya tsinke, ɗanɗano ya koma kamar an jefa mazarƙwaila. In har yanzu da kauri, ko dai zafi ya yi yawa ko dawar ba ta tsira da kyau ba.

Tace, tafasa awa guda, ƙara sukari in kina so. Ni ina jefa citta kaɗan, amma ban da kanumfari, yana danne ƙamshin.

Ɗauraye robobi da ruwan zafi, zuba bayan ya huce, sai firji nan take. Ruwan zaƙi ne, idan ya kwana a ɗaki mai zafi zai fara tsami da kumfa, ya kama hanyar burukutu, roba ta kumbura. Wanda ba za a sha cikin kwana uku ba a daskarar da shi, in kuma wutar unguwarku ba ta tsayawa, yi rabin mudu kawai.